Garkuwar makirfo: Abin da take iya yi wa mawaƙan Rikkos da abin da ya fi ƙarfinta

Jos gari ne da ya daɗe da suna a harkar waƙa. Nan ne gidan Ɗan Maraya Jos mai kuntigi, wanda ya rasu a 2015, kuma a nan ne P-Square da M.I da Ice Prince suka taso. A yau matashin da ke unguwar Rikkos, a Ƙaramar Hukumar Jos ta Arewa, ba sai ya je babban situdiyo ba kafin ya ɗauki waƙar biki ko ta bege. Kwamfuta da makirfo sun ishe shi, sai dai ɗakin da yake kwana ya zama nan ne wurin aikinsa. Daga ɗakin kuwa matsalar take farawa.

Yawancin ɗakunan ginin bulo ne da aka yi wa filasta, ƙasa siminti ko tayil. Irin wannan bango ba ya shanye sauti, mayar da shi yake yi. Sauti na tafiyar kimanin mita 343 a daƙiƙa, don haka muryar da ta bugi bango tana dawowa makirfo kafin ƙiftawar ido, ta cakuɗe da ta asali. Sakamakon shi ne waƙa ta fito kamar a cikin randa aka rera ta, kuma amon da ya riga ya shiga murya yana da wuyar cirewa a kwamfuta.

Wannan ne ya sa masu ƙaramin situdiyo ke sayen garkuwar makirfo, wato wani lanƙwasasshen allo mai soso ko ƙyalle a ciki, da ake ɗaurawa a bayan makirfo. Kamfanin sE Electronics ne ya yayata ta a 2006, daga baya wasu suka bi sahu. Aikinta shi ne ta shanye wani ɓangare na muryar kafin ta watsu a ɗaki, ta kuma tare amon da ke zuwa daga baya da gefe.

Sai dai akwai abin da mai saye ya kamata ya sani. Makirfon da aka fi amfani da shi wajen ɗaukar murya ta gaba yake ji, dama can bai cika jin abin da ke bayansa ba. Ke nan garkuwar ta tsare ƙofar da ɓarawo bai cika bi ba. Amon da ya fi ɓarna yana fitowa ne daga bangon da ke bayan mawaƙi, ya tsallake kafaɗarsa ya faɗa makirfo kai-tsaye. Maganinsa mai sauƙi ne: a rataya bargo mai kauri ko a jingina katifa a bayan mai waƙa, a bar ɗan tazara tsakaninsa da bango. A garin sanyi irin Jos bargo ba abin nema ba ne, kuma na gwanjo yana nan a Kasuwar Katako. In an ƙara da darduma a ƙasa da labule mai nauyi a taga, bambancin yakan fito fili.

Yadda ake kafa garkuwar ma yana da tasiri. Idan aka cusa makirfo can cikinta, murya takan fito a toshe. Gara a bar shi daidai bakinta. Mawaƙi ya tsaya kusan taƙi ɗaya daga makirfo, ya guji kusurwar ɗaki inda sauti mai kauri ke taruwa. Wasu garkuwoyin suna da nauyi, sukan kayar da sandar makirfo mara ƙwari.

Akwai kuma abin da ya fi ƙarfinta baki ɗaya. Ba ta hana ƙarar janareta ko Keke Napep shiga, balle rugugin ruwan damina a kan kwano. Soso mara kauri ba ya kama sauti mai zurfi, kiret ɗin ƙwai da wasu ke mannawa a bango kuwa amfaninsa kaɗan ne, ga haɗarin gobara. Hayaniyar waje sai dai a kauce mata da zaɓen lokaci.

Don haka kafin matashi ya zuba kuɗin da ya daɗe yana tarawa, ya fara gwada bargo da katifa, ya ɗauki baiti ɗaya da su, ɗaya ba su, ya saurara. Idan har yanzu ɗakin na amsa masa, to lokacin sayen garkuwa ya yi.