Suyar Ganye Irin ta Mutanen Tailan: Abinci Mai Ɗanɗano ga Wanda Aka Hana Gishiri

Uwargida, idan akwai mai hawan jini ko ciwon sukari a gidanki, kin san maganar da likita ke maimaitawa duk ranar da aka zo asibiti: a rage gishiri, a rage mai, a yawaita cin ganye. Kin kuma san abin da kan biyo baya. Za a yi kwana uku ana kai wa mara lafiya abinci lami, a rana ta huɗu ya ture kwano ya ce gara ya ci abin da kowa ke ci. Daga nan sai awo ya sake hawa, kuma hawan jinin da ba a kula da shi ba shi ke kai mutum ga shanyewar ɓarin jiki, ciwon zuciya da lalacewar ƙoda. Saboda haka a wannan fitowa muka kawo miki wata hanyar girki daga ƙasar Tailan, wadda ke fitar da ɗanɗano ba tare da an dogara ga gishiri ba, kuma ba ta wuce minti 10 a kan wuta.

Kayan haɗin duk namu ne. Wanda ya bi hanyar Zariya zuwa Kano da rani, ya ratsa Tashar Yari, ya ga kwandunan tumatir da buhunan tattasai da attarugu da albasa a bakin titi. Fadamun Kudan da Maƙarfi da Ikara na cikin wuraren da ke ciyar da kasuwannin ƙasar nan da kayan miya, kuma yawan tumatirin yankin ne ya sa aka kafa masana'antar sarrafa shi a Ikara tun 1981. Da sanyin hunturu kabeji da karas da koren wake kan yi araha. Abin takaici shi ne manomin da ya loda wa mota kayan lambu zuwa Legas, sau da yawa tuwo da miyar kuka zai tarar a gida, ganyen da ya noma bai shiga tukunyarsa ba sai ɗan abin da ya karye.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar babban mutum ya ci aƙalla giram 400 na ganyaye da 'ya'yan itatuwa a kowace rana. Dankali da rogo ba sa cikin wannan lissafi. Gishiri kuwa kada ya kai giram 5 a rana, wato kimanin ƙaramin cokalin shayi ɗaya, har da wanda ke ɓoye cikin dunƙulen magi da yaji da burodi. Kusan rabin dunƙulen magi gishiri ne, don haka uwargidan da ta ce ta daina sa gishiri amma ta ƙara magi biyu ba ta rage komai ba.

Inda muke asara

Ko da mun ci ganye, yadda muke dafa shi kan rage masa amfani. Alayyahu ko zogale ko rama da aka bari yana tafasa na tsawon lokaci, aka kuma tsiyaye ruwan aka zubar, ya rasa mafi yawan bitamin C da sinadarin folet, domin waɗannan suna narkewa a ruwa kuma ba sa jure dogon zafi. Folet kuwa mai ciki na matuƙar bukatarsa, shi kuma bitamin C shi ke taimaka wa hanji ya tsotsi sinadarin ayon mai ƙara jini daga ganye da wake. Sai kuma kanwa. Gaskiya tana sa ganye ya yi kore shar ya kuma nuna da wuri, amma tana lalata bitamin C da bitamin B1, sannan ita kanta tana ɗauke da sodiyam, sinadarin nan da ya sa ake hana mai hawan jini cin gishiri.

Mutanen Tailan sun koyi suyar gaggawa ne daga Sinawa. Suna yanka ganye ƙanana, su zafafa kasko mai faɗi sosai, su zuba mai kaɗan, su yi ta juyawa na 'yan mintoci su sauke. Suna kiran haɗin ganyaye da aka soya haka "pad pak ruam". Ba a zuba ruwa mai yawa balle a zubar, ganyen kuma yakan sauka da sauran ƙarfinsa a baki. Ɗan man da aka sa ma yana da aiki, domin sinadarin da ke cikin karas da jan tattasai da koren ganye, wanda jiki ke mayarwa bitamin A, sai da maiƙo yake shiga jiki sosai.

Sirrin ɗanɗanonsu shi ne haɗa tsami da yaji da ƙamshi da ɗan zaƙi a cokali ɗaya. Suna amfani da tsamiya, lemun tsami, tafarnuwa, barkono, gyaɗa, wani ganye ɗan'uwan ɗoɗɗoya, da sukarin da ake samu daga itacen kwakwa ko giginya, wanda kamanninsa da mazarƙwailar Maƙarfi ba su da nisa. Har awara suna ci. Abu ɗaya ne ba mu yarda ki kwaikaya ba, wato ruwan kifi mai gishiri da suke kira "nam pla" da kuma soya sos na kwalba. Babban cokali ɗaya na ruwan kifin nan ya haura rabin gishirin da aka yarda mutum ya ci a yini. Daddawa za ta tsaya miki a madadinsu, sai dai ki ɗanɗana tukuna, domin wasu masu yin ta kan sa gishiri.

Yadda za ki haɗa

Ga abincin mutum shida, ki tanadi rabin kabeji madaidaici, karas 3, koren wake cikin tafi biyu, tattasai 2, babbar albasa 1, attarugu 1 ko 2, tafarnuwa ƙwaya 5, ɗanyar citta kamar girman babban yatsa, da alayyahu ɗauri ɗaya. Ki nemi awarar da ba a soya ba, ko ƙwai, ko tsokar kaza. Ki jiƙa tsamiya a ruwan ɗumi ki tace kamar babban cokali 4, ki daka daddawa kaɗan.

Wanki ya fara zuwa kafin yanka. Ana fesa wa kayan lambu maganin ƙwari, musamman tun bayan ɓarnar da tsutsar tumatir ta yi a Jihar Kaduna a 2016, kuma ruwan ban-ruwa ba kullum yake da tsabta ba. Ki cire ganyen kabeji na waje ki yar, ki kankare karas, ki wanke komai sau biyu ko uku da ruwa mai tsabta, ki bar shi ya tsane a kwando. Jiƙaƙƙen ganye ba ya soyuwa, dahuwa yake yi. Ki yanka karas siri-siri don ya nuna da wuri, ki ajiye komai kusa da murhu, domin da zarar kin fara babu damar komawa ɗaki ɗauko wani abu.

Kaskon tuyar ƙosai ya wadatar, kuma garwashin gawayi mai ƙarfi ya fi rishon da wutarsa ke lumshewa. Idan kaskon ya yi zafi, ki zuba man gyaɗa babban cokali 3, sabo, ba wanda aka riga aka yi tuya da shi ba. Ki fara soya awara ko kaza har ta nuna sarai, ki kwashe. Sai tafarnuwa da citta da attarugu da daddawa, ki juya na kamar rabin minti, kada ki bari tafarnuwa ta ƙone don za ta yi ɗaci. Ki zuba karas da koren wake, ki juya minti 2 ko 3. Ki bi da albasa da tattasai da kabeji, minti 2. Alayyahu ne na ƙarshe tare da ruwan tsamiya, awarar da kika kwashe, ɗan gutsuren mazarƙwaila, da gishiri rabin ƙaramin cokali ko magi ɗaya. Ɗaya daga ciki za ki zaɓa. Minti ɗaya ya isa, ki sauke, ki watsa ɗoɗɗoya da dakakkiyar gyaɗa, ki matse lemun tsami. Idan kaskon ƙarami ne ki raba suyar gida biyu, domin in ya cika ganyen zai fitar da ruwa ya yi laushi.

Rabin cokalin gishirin nan, idan aka raba wa mutum shida, kowa bai samu ko rabin giram ba. Amma tsamiya da citta da daddawa sun cika baki, har mai ci ba zai nemi ƙari ba. Harshe ma yana sabawa, bayan 'yan makonni da rage gishiri mutum da kansa zai fara jin abincin waje ya yi masa yawa. Shi ya sa ya fi kyau a yi wa gida duka girki ɗaya, maimakon a ware wa mara lafiya nasa kwanon. Maigida, kai ma da naka aikin: kuɗin kabeji da karas a lokacinsu bai kai na maganin hawan jini na wata ɗaya ba, sai ka sa su cikin cefane.

Wanda zai yi hattara

Mai ciwon sukari a cire masa mazarƙwaila, sukari ce duk da ba fara ba ce. Ganyen ya ci rabin farantinsa, shinkafa ko dambu ko tuwo kashi ɗaya cikin huɗu, sauran kuma awara, kifi ko wake. Mai ciwon ƙoda kada ya ƙara yawan ganye da tumatir sai ya tambayi likitansa, domin ƙodar da ta raunana ba ta iya fitar da sinadarin fotasiyam yadda ya kamata, kuma taruwarsa a jini na da haɗari ga zuciya. Wanda ke shan maganin tsinka jini mai suna wafarin ya sanar da likita kafin ya canza yawan koren ganyen da yake ci, saboda bitamin K da ke ciki yana rage ƙarfin maganin. Mai gyambon ciki da yaji ke tayar masa da ciwo, a bar attarugu, citta da tafarnuwa kaɗan sun isa.

Ki tsince gyaɗa da kyau, duk wadda ta yi fumfuna ko ta canza launi ki yar, domin tana iya ɗauke da guba mai lalata hanta, kuma suya ba ta kashe wannan guba. Yara 'yan ƙasa da shekara 5 a niƙa musu gyaɗar, a kuma ƙara dafa nasu ganyen ya yi laushi don kada su shaƙe.

Wannan abinci taimako ne ga magani, mai hawan jini ko sukari ya ci gaba da shan ƙwayoyinsa da zuwa awo a ranar da aka ba shi. A ci suyar da zafinta. Idan ta yi saura kuma babu firji, kada ta wuce awa 2 a ajiye, balle ta kwana.