Ba Leza Ce Ke Cinye Idon Mutanenmu Ba

Kwanan nan wasu gajerun bidiyoyi sun sake cika WhatsApp da TikTok, inda Amurkawa ke kuka suna cewa tiyatar leza ta lalata musu ido. Masu turawa kan ƙara da cewa ai har gwamnatin Amurka ta yi gargaɗi. Ta yi magana kam. A watan Yulin 2022 hukumar kula da abinci da magunguna ta ƙasar, FDA, ta fitar da daftarin ƙa'ida kan aikin da ake kira LASIK. Ba ta hana shi ba. Cewa ta yi a zayyana wa mutum illolin da ka iya biyo baya kafin ya sa hannu. Amma kafin labarin ya ratsa Wudil ya isa Gaya da Kademi, ya rikiɗe ya koma "kada ka yarda likita ya taɓa maka ido."

LASIK aiki ne na mai son ajiye tabarau. Likita kan ɗaga ɗan siririn ɓawo daga farfajiyar da ke saman baƙin ido, ya sassaƙe ƙarƙashinsa da hasken leza, ya mayar. Yawanci lafiya ake tashi. Wasu kuma su yi ta fama da bushewar ido, ko ganin zobe kewaye da fitilar mota da dare, kaɗan daga ciki da ciwon da ya ƙi tafiya. Ba a yi wa yaro ko mai ciki, ko wanda farfajiyar idonsa ba ta da kauri. Lezar da mutanenmu suka fi buƙata wata ce daban: wadda ake ƙona jijiyoyin da ciwon suga ya ɓata a bayan ido, da wadda ake huda dusashewar da kan biyo bayan cire yana. Ita kanta yanar, a yawancin asibitocin Arewa da hannu ake cire ta, ta wata 'yar tsaga, a sa madubin roba a gurbinta. Dattijon da ya ƙi zuwa Kano don tsoron leza yana gudun abin da ba za a ma yi masa ba.

To da wa dattijon yake yarda? Nan ne maganar da ba a son yi. Binciken makanta na ƙasa da aka gudanar daga 2005 zuwa 2007 ya gano kashi 4.2 cikin 100 na 'yan Najeriya masu shekara 40 zuwa sama makafi ne, kuma yana ce ta jawo kashi 43 cikin 100 na makantar. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne, cikin idanun da aka taɓa yi wa aikin yana, sama da kashi 40 cikin 100 ba likita ne ya yi ba. Masu aikin gargajiya ne, waɗanda ke soka tsinke a gefen ido su ture yanar ta faɗa ciki. Kusan uku cikin huɗu na waɗannan idanu, masu binciken sun same su a makance.

Sana'ar tsohuwa ce, domin littattafan likitancin Indiya na dā sun bayyana ta. Masana kuwa tuntuni suka ga gazawarta. Wajen shekara ta 1000, Ammar bin Ali al-Mausili, likitan ido ɗan Mosul da ya yi aiki a Masar, ya ƙera allura mai rami don ya zuƙo yanar waje maimakon ya tura ta ciki. A 1747 Jacques Daviel na Faransa ya fara tsaga ido yana fitar da ita. A 1949 Harold Ridley ya dasa madubin roba na farko a Landan. Ko a nan gida, asibitin ido na ECWA da ke Kano tun 1943 yake aiki. Wato shekara dubu ke nan da malamin Musulmi ya nemi hanyar barin tura yana, mu kuwa har yau ana yi mana a zaure.

Turin yana kamar murfin randa ne ya faɗa ciki: baki ya buɗe, amma murfin na nan cikin ruwa. Nan take haske ya shiga, tsoho ya ga inuwar jikansa, gida ya ɗauki kabbara, a biya mai aiki har da tukuici. Bayan makonni yanar da ke yawo a ciki ta tayar da kumburi, ko hawan jinin ido, ko tantanin baya ya ɓalle, ko tsinken ya bar ƙwayar cuta. A lokacin mai aikin ya yi nisa. Sai a ce ƙaddara ce, ciwon ido sai haƙuri.

Kada mu yi saurin kiran mutane jahilai. Mai turin yana har gida yake zuwa, da Hausa yake magana, ya zauna a tabarma ɗaya da mara lafiya, kuma ba ya karɓar kuɗi sai mara lafiya ya ƙirga yatsu. Mutumin Kademi da ya nufi asibiti fa? Kuɗin mota na mutum biyu, don dole da ɗan jagora. Layi tun asuba. Sannan a miƙo takarda da Turanci a ce ya dangwala yatsa. Ya dangwala, bai san abin da ya amince da shi ba. Abin da FDA ke nema wa Ba'amurke shi ne ainihin abin da wannan dattijo bai samu ba.

Aikin likita ma yana iya samun tangarɗa. Jakar da ke riƙe da yana kan yage ana cikin aiki, ƙwayar cuta kan shiga bayan an gama. Bambancin shi ne likita na da abin gyara, muddin an koma da wuri. Ciwo mai tsanani, jan ido, ko gani ya ragu bayan ya fara dawowa, ranar ake komawa, ba a jiran sati. Ba a ɗiga ruwan albasa, ba a ɗiga nono ko tozali, ba a aron maganin maƙwabci. Likitan da ya cancanci amana shi ne wanda zai faɗi wannan tun kafin a kwanta, ya auna hawan jini da suga, ya ce idan jijiyar ido ta riga ta mutu cire yana ba zai dawo da gani ba. Wanda ya ce aikinsa ba ya taɓa ɓaci, a tashi a bar masa wurin, ko da leza ko da tsinke yake riƙe.

Masu shirya aikin ido kyauta, 'yan siyasa da ƙungiyoyi, Allah ya saka. Amma a yi wa ɗaruruwa aiki, a ɗauki hoto, a naɗe rumfa a tafi ba tare da an faɗa musu inda za su koma ba, wannan da halin mai tsinke bambancinsu kaɗan ne. Ya kamata ma'aikatar lafiya ta Kano ta wajabta ranar dubiya ga kowane irin wannan shiri, ta tabbatar da ƙwararrun ma'aikatan jinyar ido a Gaya da Ajingi, a kuma fassara takardar amincewa zuwa Hausa da ajami. Hukumar PHIMA mai kula da asibitoci masu zaman kansu da hakimai da dagatai su daina kau da kai daga masu yawo da tsinke. Ku kuma matasa masu tura bidiyo, ku fara tambaya ko wane aiki ake magana a kai. Idan akwai tsoho a gidanku da ke laluben bango, ku tara kuɗin mota ku kai shi, ku tsaya kusa da shi, ku yi wa likita tambayoyin da shi zai ji nauyin yi.