Aikin Injiniyan Tsara Zirga-zirgar Kaya a Masana'antar Motoci

Mota guda takan ƙunshi kayan haɗi kimanin 30,000, in an ƙirga har da ƙananan kusoshi. Aikin injiniyan tsara masana'antu shi ne tabbatar da cewa kowannensu ya iso gaban mai haɗawa a kan kari.

Shi ke ƙayyade yawan abin da za a ajiye, da hanyar da kaya za su bi daga sito zuwa layin haɗi. In ajiya ta yi yawa, jari ya kwanta. In ta gaza, aiki ya tsaya. Kamfanin Toyota na Japan, mai bin dabarar Taiichi Ohno ta kawo kaya daidai lokacin bukata, ya dakatar da haɗa motoci na kwanaki a 1997, bayan gobara ta cinye masana'antar Aisin mai yi masa wani sashen birki.

Nisa kan ƙara wa aikin nauyi. Masana'antar Peugeot ta Kaduna, wadda aka buɗe a 1975, ta yi shekaru tana samun kayan haɗi ta jirgin sama daga Faransa zuwa Kano.

Jami'ar Ibadan da ta Benin suna koyar da fannin, wanda ke bukatar ƙwarewa a lissafi da sanin harkar sufuri.