Kifin Teku a Falo: Da Wane Dutse Za a Fara?

'Yan kasuwarmu da ke zaune a Kwatano, Lome, Akra da Duwala sun saba ganin tankin gilashi cike da kifaye masu launi a otal-otal da shaguna. Yara su gani su matsa sai an kawo irinsa gida. To, kafin maigida ya zuba kuɗinsa, ya sani cewa a tankin ruwan gishiri ba kifi ake fara saya ba, dutse ake fara saya.

Dalili kuwa shi ne kashin kifi da ragowar abinci suna fitar da amoniya, wadda guba ce. Wasu ƙwayoyin bakteriya da ke zama cikin ramukan dutse su ne ke mayar da ita naitirait, sannan naitiret mai sauƙin illa. In babu su, kifin da aka saya da tsada zai mutu cikin 'yan kwanaki.

Dutsen iri biyu ne. Akwai mai rai, wato ɓaraguzan murjani da suka daɗe cikin teku ko cikin tsohon tanki. Yana zuwa da bakteriyarsa, da jan gansakuka mai ƙawata tanki, da ƙananan halittu masu cinye datti. Da shi tanki kan kintsa da wuri. Amma fa yana da tsada, kuma dole a ɗauko shi a jiƙe. In ya daɗe a hanya, abin da ke jikinsa ya mutu ya yi ɗoyi, sai an jiƙa shi daban na wasu makonni ana canza ruwa. Yakan kuma shigo da baƙin da ba a gayyata ba: kaguwa, tsutsotsi, da wata halitta mai harbi, aiptasiya, wadda in ta yaɗu fitar da ita aiki ne.

Ga kuma batun kan iyaka. Murjani mai tauri yana ƙarƙashin yarjejeniyar CITES ta 1973, don haka wanda ya cusa shi cikin kaya babu takarda zai iya haɗuwa da 'yan kwastan. Mazauna Bur Sudan, inda murjani ke dab da gaɓar Bahar Maliya, su ma kada su fasa na teku: gidan kifaye ne, kuma shekaru yake ɗauka kafin ya sake tsirowa.

Busasshen dutse shi ne na biyu. Ya fi araha, ba ya ɓaci a hanya, ba ya ɗauke da ƙwari, kuma za ka jera shi yadda kake so kafin ka zuba ruwa. Matsalarsa jira. Sai an zuba masa bakteriyar kwalba da ɗan abincin kifi, a bar shi mako 4 zuwa 6, ana gwada ruwa har amoniya da naitirait su koma sifili. Bayan haka ma gansakuka ruwan kasa kan rufe shi na wani lokaci. Kada uwargida ta ce a zubar, zai wuce.

Ga ɗan kasuwa mai yawan tafiya, shawara ita ce a gina da busasshe, a sa ɗan guntun mai rai daga tankin wanda aka yarda da shi, kamar yadda ake sa tsohon nono a sabuwar madara. Gishirin ya zama kamar giram 35 a kowace lita, na tankin kifi ba na miya ba, zafin ruwa kuma tsakanin digiri 24 da 27. A tanadi famfon iska mai batir, don in aka ɗauke wuta ruwa ya tsaya, kifi da bakteriya duk iska za ta yanke musu.

Sai gwaji ya nuna ruwa ya kintsa a kawo kifi, biyu kacal da farko. A koya wa yara su riƙa rubuta sakamakon gwajin a littafi. Ai mai haƙuri shi kan dafa dutse har ya sha romonsa.