Bob Dylan: Mawaƙin da Masoyansa Suka Yi wa Ihu

Ran 25 ga watan Yuli, 1965, a bikin waƙoƙin gargajiya na Newport ta Amurka, wani saurayi ɗan shekara 24 ya hau dandali rataye da jita mai aiki da lantarki. Nan take waɗansu masoyansa suka ɗau ihu, wai ya ci amanar waƙar talakawa. Bob Dylan ke nan.

An haife shi a Duluth, Jihar Minnesota, a 1941, sunansa na yanka kuwa Robert Zimmerman. Ya sauka New York a 1961 yana bin sawun Woody Guthrie, mawaƙin leburori. Bayan shekara biyu sai ga shi yana waƙa a gangamin neman 'yancin baƙar fata na Washington, inda Martin Luther King ya yi jawabi. Daga nan aka naɗa masa rawanin kakakin samari, rawanin da shi kansa bai so ba.

Kiɗan nan da aka yi wa ihu, shi ne ya nuna wa makaɗan rok cewa amon lantarki na iya ɗaukar baiti mai nauyi. A 2016 aka ba shi kyautar Nobel ta adabi, marubuta suka yi ta gardama a kai. Shi kuwa gogan ko bikin bai je ba. Jakadiyar Amurka a Suwidin ce ta karanta jawabinsa.