Wa Zai Gaji Makaɗan Molo Da Garaya?

A bukukuwanmu na Adjamé Saint-Michel da Treichville, na'ura ta fi yawan yi mana kiɗa. Yaranmu da aka haifa a nan Abijan sun ji sunan Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, amma kaɗan ne cikinsu suka taɓa riƙe kuntigi mai tsirkiya ɗaya, balle garaya mai biyu ko molo mai uku.

Turawa ma suna da irin wannan abin kiɗa, Faransawa na ce masa "luth". Asalinsa udu ne na Larabawa, ya shiga Turai ta Andalus. Ya yi tashe a fadojin sarakuna a zamanin John Dowland na Ingila, wanda ya rasu a 1626, da Weiss na Jamus, wanda ya rasu a 1750. Daga baya aka yi watsi da shi fiye da shekara 100. Abin da ya cece shi shi ne rubutu. Tun a 1507 aka buga littafin kiɗansa a birnin Banis, da layuka masu nuna tsirkiyar da za a taɓa da inda za a ɗora yatsa. Da aka waiwaye shi a ƙarni na 20, sai masu koyo suka tarar da darasi yana jiransu.

Mu kuwa namu a kunne yake. Yaro yakan bi maigidansa shekara da shekaru, yana amshi, yana kallon hannu, har ya ƙware. In maigidan ya rasu babu magaji, kiɗan ya tafi da shi. Ga shi kuma yawancin iyaye ba sa son a ce ɗansu maroƙi ne.

Nijar ta nuna mana hanya. Malam Mamman Barka, malamin makaranta ne kuma gwanin gurmi. A 2002 ya tafi yankin Tafkin Cadi wajen Bukar Tar, wanda shi kaɗai ya rage cikin masanan biram na Buduma, ya koya kafin tsohon ya rasu. Shi ma Barka ya kwanta dama a 2018, amma ya bar faifai.

Saboda haka muna kira ga sarakunanmu da ƙungiyoyinmu su nemo dattawan da suka iya waɗannan kayan kiɗa. A ɗauki kiɗansu, a rubuta yadda ake ɗaure tsirkiya da taken kowace waƙa, a kuma zaunar da yara gabansu a lokacin hutun makaranta.