Kwamfutar da za ta iya da zafin Adar

A garin Tawa da ke yankin Adar, tsakanin Afrilu da Mayu, zafi kan wuce digiri 40 ko a inuwa. Cikin akwatin ƙarfen da aka kafe a gindin turken salula, ko a gefen famfo mai aiki da hasken rana, abin ya fi haka nesa ba kusa ba. A irin waɗannan akwatuna ne ake ajiye ƴar kwamfuta mai allo guda, wadda ƙwaƙwalwarta da ma'ajiyarta da kafofin jona waya duk suke kan faranti ɗaya da bai fi tafin hannu ba. Ita ke tada inji, ta kashe shi, ta auna ruwa, ta aika saƙo.

Wadda matasanmu suka fi sani ita ce Raspberry Pi, da ta fito a Ingila a 2012 kan dala 35, don koya wa yara aikin kwamfuta. A aji ba ta da na biyu. Amma masu ƙera samfurinta na huɗu sun ce a yi aiki da ita tsakanin digiri 0 da 50. Ta masana'antu kuwa ana zaɓo kayanta ne su jure daga digiri 40 ƙasa da sifili har zuwa 85. Tazarar nan ita ce abin da ake biya.

Abu na farko da ya kamata a duba shi ne fanka, kuma rashinta ake so. Fanka iska take janyowa, iskar hunturun Adar kuwa ƙura ce zalla. Ƙurar na kwanciya kan faranti, ta toshe fankar, in damina ta zo ta sha laima ta fara cin ƙarfe. Shi ya sa mai kyau take fitar da zafinta ta jikin murfin alminiyam mai tsaga-tsaga, a kuma shafe farantin da wani siririn fenti mai hana danshi.

Sai wuta. Batirin sola ba ya tsayawa wuri ɗaya. Da rana ya cika, da asuba ya yi ƙasa. Da yawa daga cikin na masana'antu na karɓar wuta daga bolt 9 zuwa 36, ba sai bolt 5 cif ba. Ma'ajiyarta ma a liƙe take da dalma, domin ɗan katin nan da ake zurawa kamar na waya yakan lalace in wuta ta ɗauke yana tsakiyar rubutu.

Abin da ya fi burge ni shi ne ɗan agogon da ke gadinta. Dole kwamfutar ta riƙa taɓa shi a kai a kai. Da ta sandare ta yi shiru, sai ya kashe ta ya sake tada ta. A birni wannan ƙaramin abu ne. A lambun da ke bakin tabkin Tabalak, ko rijiyar makiyaya a bayan Abalak, inda mai gyara sai ya yini a hanya, shi ne zai hana shuka da dabbobi kwana da ƙishi. Akwai kuma kafar RS-485, wadda wayarta ke kai saƙo har mita 1,200.

Wannan fasaha ba baƙuwa ba ce a Nijar. Abdou Maman Kané ya ƙirƙiro ban-ruwa ta wayar salula, aikin da ya ba shi kyautar ruwa ta Sarki Hassan II a 2015. A 2018 kuma aka buɗe tashar sola mai megawat 7 a Malbaza.

Ga ƙungiyoyin manoma da magadan gari masu sayen irin waɗannan kaya: kada a tsaya ga tambayar saurinta. A nemi takardar mai ƙera ta, a karanta zafin da take jurewa da wutar da take karɓa, kafin a sa hannu a biya.